Kaskon da Sabulu Bai Taɓa Ba

Wirrabee, 5 ga Fabrairu, 1996

Narelle 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aiki da hayaniyar Adelaide. Mu nan zafi ne kawai. An gama girbin alkama, tumaki sun lafe a inuwar tankin ruwa ko motsi ba sa yi.

Na ji kin buga wa likita waya a kan takardar lasisina na tuƙi. To ki buɗe kunne. Shekarata saba'in da ɗaya, ashirin da shida daga ciki a kan hanya na yi su da akwatunan tukwane, ko zomo ban taɓa takewa ba. A watan Afrilu zai duba ni kamar yadda doka ta ce, ya sa hannu, shi ke nan. Ranar da aka karɓe motar nan, ranar na bar gidan nan, don daga ƙofata zuwa kanti kilomita talatin ne, kuma kin sani sarai. Ɗakin da kika gano a gidan tsofaffi, ki ba wata.

Sana'a sai godiya. Taro uku na yi a watan jiya. Har yanzu kamar da ne: matar gida ta tara maƙwabta a kicin ɗinta ta dafa shayi, ni kuma in baje tukwanen dutse a tebur, in gasa musu kaza da dankali suna kallo, ƙamshi ya ƙarasa min ciniki. Sai in ɗaga baƙin kaskona in ce, “Mata, wannan fari fat aka kawo min shi, kamar naku. Maiƙon shekara ashirin da shida ne ya mai da shi haka, ƙwai ma ba ya kama shi. Doka biyu ce: sabulu ba ya taɓa shi, kuma in yana da zafi ba ya haɗuwa da ruwan sanyi.”

Antinki Dulcie ta sayi doguwar tukunya mai murfi. Na ce, “Ke Dulcie, sojoji kike ciyarwa?” Ta ce, “Lionel nake ciyarwa, sojoji ai suna ƙoshi.”

Wani mai kambaba kai a hukuma ya canza hanyar gidan Coral, kwanar ba ta inda na bar ta. Allah ya taimake ni Lionel yana bayana a a-kori-kurarsa, ya wuce gaba na bi shi. Mutumin nan kwanan nan duk inda na juya yana bayana, ban san ko aikin gona ne ya ƙare masa ba.

Ki ci abinci sosai, kin rame.

Mahaifiyarki,
Merle Kowald

*

Adelaide, 12 ga Fabrairu

Anti Dulcie,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ke da Kawu Lionel kuna lafiya. Na zaɓi in rubuto maimakon in buga waya, don na san a waya za ki mai da maganar wasa.

Da na zo Kirsimeti, na tarar da baƙin kaskon Mama a cikin ruwan kumfa, tana dirzar sa da soson ƙarfe tana 'yar waƙarta. Anti, ina 'yar shekara goma sha huɗu na sa wa kaskon nan sabulu sau ɗaya, ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Da na ce, “Mama, sabulu fa?” sai ta kalli hannunta kamar hannun wata. Ta ɗauraye shi ta shafa masa mai, ba mu sake tada zancen ba.

A makon jiya na buga wa kamfanin tukwanen waya a Melbourne, don in ji ko za su rage mata yankin da take zagayawa. Matar da ta ɗauka ta ce sun daina tallar gida-gida tun 1994, sun sallami duk masu yi musu tallar, kuma sun rubuta wa kowa. Ta ce shekara biyu ke nan ko cokali ba su aika Wirrabee ba.

Amma ga wasiƙar Mama a gabana, ta ce taro uku ta yi, kuma kin sayi doguwar tukunya.

Me take sayarwa, Anti? Wa yake kawo mata? Ke ce aminiyarta tun kafin a haife ni, ba zan tambayi kowa ba sai ke. Kafin Afrilu dole in san abin da zan gaya wa likita. Mace ce ita kaɗai a kan hanyar da sai a yi awa ba a ga mota ba, kuma tsoro nake ji.

Ki huta lafiya.

Taki,
Narelle

*

Wirrabee, 19 ga Fabrairu

Narelle,

Muna lafiya, Lionel yana gaishe ki, gwiwarsa tana nan tana ba shi wuya. Gaisuwa ta ƙare, don raina a ɓace yake, kuma ban san ko da ke nake fushi ko da kaina ba.

Kin iya bincike, ba shakka. To ga gaskiya tsirararta. Wasiƙar sallamar ta zo, uwarki ta karanta, ta yi kuka a kicin ɗina. Bayan mako uku sai ga ta da littafinta tana tambayata wace Alhamis ce tawa. Ta manta sam. Maimakon in tuna mata, sai na ba ta rana.

Mu bakwai ne. Muna karɓar taro bi da bi. Tana rubuta abin da kowa ta zaɓa, ta kai takardar gidan waya, inda Coral take aiki. Coral ta jefa a aljihun tebur. Bayan kwana goma mu ciro tukwanenmu daga kabad, mu naɗe a tsofaffin kwalaye, Coral ta manna tambari, Merle ta zo ta ɗauka ta rarraba mana da murnarta. Kuɗin da ta aika wa kamfani kuwa Coral ke maido mana. Doguwar tukunyar nan sau tara ke nan ina sayen ta. Lionel da mijin Coral suna bin motarta a baya, yau wannan gobe wancan.

Za ki ce wasa muke da hankalin tsohuwa. Faɗi. Amma ke kina jami'a lokacin babban farin 1982 da ruwan sama ya ɗauke, ba ki ga garin nan ba. Maza sun harbe tumakinsu sun binne, suka daina magana. Mu matan kowa tana gonarta, daga ita sai bango. Ba wadda mijinta zai ƙona mai don ta je hira, amma taron tukwane ai sayayya ce, sai a bar ki ki je. Rabinmu ba ma sayen komai, uwarki ta sani, ba ta fasa zuwa ba.

A shekarar ne tarakta ta danne min ɗana Neville. Wata huɗu ban cire rigar barci ba. Kowa ya zo da furanni da sassanyar murya. Uwarki ta zo da akwati ta dire a teburina, ta ce, “Alhamis gidanki ne, mata goma na gayyata.” Na ce, “Merle, kin haukace? Ɗana ne ya mutu.” Ta ce, “Na sani, ina wurin binnewa. Tashi ki share kicin ɗin nan, ko kare ba zai ci abinci a ciki ba.” Na zage ta tas. Sannan na tashi na share.

In tana tsaye da kaskon nan a hannu, Narelle, ba ta tuntuɓe ko a kalma ɗaya. Sunan jikokin kowa tana sane da shi. Sai an tashi ne take neman jakarta alhali tana rataye a kafaɗarta. Awa biyu a mako tana dawowa Merle ɗinmu. Kika karɓe motar, kin karɓe awa biyun.

Ki bar mana ita. Muna kallon ta.

Antinki,
Dulcie Rohde

*

Adelaide, 26 ga Fabrairu

Anti Dulcie,

Ina gaishe ki da Kawu Lionel. Na karanta wasiƙarki sau uku, na yi kuka a kan maganar Neville, ban taɓa jin labarin sharar kicin ba.

Amma shekara biyu, Anti. Ku bakwai da mazajenku kun sani, ni da ta haifa sai a bakin wata baƙuwa a Melbourne na ji. Wannan ya yi min ciwo, kuma ba zan ɓoye ba.

Ba zan ce wa likita komai ba sai na zo bikin Ista na gan ta da idona. Sharaɗina ɗaya ne: kada ta tada motar nan ba wani a bayanta, ko zuwa coci ne. Ban san ko daidai nake yi ba. Da ke na dogara.

Ki huta lafiya.

Narelle

*

Wirrabee, 15 ga Maris

Narelle,

Gaisuwa. Coral ta gaya miki a waya cewa uwarki tana asibiti kuma za ta tashi. Sauran ni ya kamata ki ji daga bakina, kuma ba zan iya faɗar sa a waya ba.

Jiya Alhamis taron gidan Coral ne. Zafi ya kai digiri arba'in da biyu. Komai yana tafiya daidai, ta ciro kaskon daga tanderu, ta juye kazar a faranti, tana cikin cewa “doka biyu ce,” sai ta juya ta buɗe famfon sanyi a kansa. Ƙarar kamar an harba bindiga. Ya rabe biyu a hannunta, tururi ya ƙona mata yatsu.

Ni da shegen bakina na ce, “Ai dama ya tsufa, Merle, mu ma duk mun kusa tsagewa.” Ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta shiga banɗaki. Muka tsaya muna tsince gutsattsari muna raɗe-raɗe, mazan kuma suna rumfa suna duba injin famfo, don ba a saba tashi kafin ƙarfe huɗu ba. Ta ƙofar baya ta fita. Sai da aka yi minti ashirin muka lura motar ba ta nan.

Awa uku muna nema. Ni da Lionel muka same ta a tsohon gidan Schiller, kilomita sittin ta arewa, gidan da ba kowa tun bayan farin. Ta shimfiɗa ƙyallen tebur a baranda, ta jera tukwane ƙanana a gaba manya a baya, tana zaune a matakala cikin rana, ba hula, ba ruwa, leɓenta ya tsattsage. Ta ce Edna ta makara. Edna Schiller shekararta goma sha ɗaya a kabari. A gidanta uwarki ta yi taronta na farko.

Na ba ta ruwa, na jiƙa mata kai. Can sai idonta ya dawo, irin kallon nan da kika sani. Ta nuna doguwar tukunyar ta ce, “Dulcie, sau nawa na sayar miki da wannan?”

Na ce, “Wace irin magana ce haka?”

“Sau nawa?”

Na ce, “Tara.”

Ta ce, “Murfin yana da ɗan ɓalli a gefe. Tun karo na uku na gane shi. Wata rana ina sani, wata rana ba na sani. Ranar da na sani sai in yi shiru, don na ga kuna jin daɗi.”

Ashe mu muke zaton muna lallaɓa ta. Na zauna a matakalar nan na yi kukan da ban yi ba tun na Neville.

Makullin yana jikin mota. Ni na zare shi, ba ke ba, ba likita ba. Tana kallo na sa a aljihu, ta ce, “Ke ma?” Har muka isa asibiti ba ta ƙara ce min komai ba, yau ma da na je ta juya fuskarta bango.

Na ce miki muna kallon ta, muka kasa. Ba na neman ki yafe min yanzu. Ga makullin na saka miki a cikin wasiƙar nan. Ki kama mata ɗakin, in bai tafi ba. Ɓarin kaskon biyu suna wurina, na rasa yadda zan yi da su.

Antinki,
Dulcie

*

Adelaide, Nuwamba

Zuwa ga Malama mai zuwa ranar Lahadi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lafiya. Na gode da lemon da kike kawowa. Ki yi haƙuri sunanki ya kuɓuce min, mutane sun yi yawa a otal ɗin nan.

Na lura ke mace ce mai kirki, kuma kin rame. Ko za ki so in yi taro a gidanki? Ba wuya. Mata shida sun isa, ke shayi kawai za ki dafa, kaza ni zan kawo. Matar gida tana samun kyautar ƙaramin kasko. Fari ne, amma kada ki damu, zai yi baƙi in kin yi haƙuri da shi. Kada dai sabulu ya taɓa shi. Akwai doka ta biyu, zan tuna kafin ranar.

Alhamis ta fi min. Sai dai ki zo ki ɗauke ni, don makullin motata yana wurin 'yata Narelle. A garin nan take aiki, tana da hidima da yawa, shi ya sa ba ta samun zuwa. Kuna kama da ita sosai, har murya. In kin san ta, ki ce ba fushi nake ba.

Ki huta lafiya.

Taki a kullum,
Merle Kowald