Huɗubar da Ban Ƙarasa Ba

Gada Biyu, daren Talata, Agusta 1956

Yau 'yata Binta ta haifi mace. Da gudu na baro rumfar da muke busar da kwal, ko wanka ban yi ba.

Ungozoma ta miƙo mini jaririyar tana dariya: "Malam Audu, ga amaryarka, yi mata huɗuba." Na kai bakina kunnenta, na yi kabbara biyu, sai tari ya turnuƙe ni. Shekara tara ina shaƙar hayaƙin rumfar nan mai warin farar wuta, bai taɓa kunyata ni ba sai yau.

Binta ta ce, "Baba, kawo ta, ka huta." Maƙwabcinmu ne ya ƙarasa.

Na sake gwadawa ni kaɗai a ɗaki, sau uku. Numfashina bai kai kalmar shahada ba.