Maigidan da Ya Mutu a Ofishin Wuta

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara duka. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikin nan da ya riƙe ka a can shekara da shekaru. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Uwar yarana ta samu sauƙin ƙafar nan, babbar 'yata ta shiga makarantar koyon jinya, tuni ta fara duba mana ido tana faɗa mana cututtukan da ba mu san muna da su ba. Kawu ya sayar da babur ɗinsa, ya ce gwiwa ta ƙi, amma bakinsa yana nan da ƙarfinsa. Kasuwa kuwa sai godiya. Ina nan a rumfata da ƙwan fitila da soket da wayar wuta, ina sayar wa mutane haske su kai gidajen da ba su iya sa wa mita kati.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin na lura da zarar an zo kan magana mai nauyi sai layinka ya fara rawa, ka ce ba ka ji na sosai. Takarda ba ta da wannan ciwon. To ka samu wuri ka zauna, Yaya, domin labarin da zan ba ka shi ne ka rasu. Kada gabanka ya faɗi, a ofis ɗaya ne kawai.

Ka san tun da kuɗin wuta ya tashi gwamnati ta fito da tallafi ga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ana zuba shi kai tsaye a mita. Mitar gidanmu da sunanka take, tunda kai ka sa aka kawo ta bayan rasuwar Baba. Da wannan tallafin muke riƙe fankar Inna da ƙaramin firjin da ake ajiye allurarta ta ciwon suga. Kwanakin baya suka turo ma'aikaci yana bi gida gida don a tabbatar masu karɓa suna nan. Ya zo da hantsi, ina kasuwa, uwar yara ta tafi asibiti. Inna ya tarar a baranda, ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa. Ya tambaye ta ko maigidan yana nan. Kai ma ka sani, a duniyar Inna maigida ɗaya ne, Baba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce masa Allah ya yi masa rasuwa, an ma daɗe. Mutumin ya yi mata ta'aziyya, ya yi addu'a, ya danna 'yar na'urarsa ya tafi. Da na dawo har yabonsa ta yi, wai ta daɗe ba ta ga ma'aikaci mai tarbiyya irinsa ba.

Wata ya ƙare, tallafi bai shigo ba. Na rufe rumfa na tafi ofishinsu, na zauna a benci har ƙafata ta mutu. Da layi ya zo kaina, matar da ke bayan gilashi ta duba, ta sassauta murya, ta ce Allah ya jiƙanka ya ba mu haƙurin rashi. Wallahi Yaya sai da na ce amin kafin na gane wa ake nufi. Na rantse mata kana raye, har na nuna mata hotonka a waya kana dariya da ƙaton tumbinka. Ta ce ta yarda da ni, amma na'ura ba ta yarda da hoto. A cikin makon kuma sai ga masu haraji da takardar harajin gida, ita ma da sunanka. Ka san ni, ban bar dama ta wuce ba. Na sunkuyar da kai, na ce musu ai mai sunan ya riga mu gidan gaskiya. Babbansu ya duba tasa na'urar ya ce a wajensu kana nan garau, ko mura ba ka yi.

Ana cikin haka aka ce kwamitin majalisa zai zo garinmu ya saurari jama'a kan yadda ake karɓar haraji da yadda ake raba tallafin wuta. Shugaban 'yan kasuwa ya ce ni zan yi magana a madadin layinmu, wai bakina ya fi kayan rumfata kaifi. Na sa riga mai guga na tafi. Babban zaure ne, 'yan majalisa a sama bayan dogon tebur da ruwan gora a gabansu, shugaban ofishin haraji da na ofishin tallafi a gefe, kowa da tarin takardu, mu kuma a ƙasa muna fifita da hula. Da aka miƙo mini abin magana na faɗi koken 'yan kasuwa a taƙaice, sannan na ba su labarin Inna da ma'aikacin nan, na ce ina da tambaya a kan yayana. Na ce idan ya mutu a yafe masa haraji, idan yana raye a mayar masa da tallafi, amma a daina kashe shi wajen bayarwa ana tayar da shi wajen karɓa. Zauren ya fashe da dariya, har shugabar kwamitin ta cire tabarau tana share ido. Ta tsare mutanen biyu da tambaya. Na haraji ya ce su ba sa karɓar mutuwa daga wani ofis. Na tallafi ya ce tsarinsu yana da wurin shigar da mamaci amma ba shi da wurin fitar da shi. Ta tambaya gida nawa ne irin namu, suka hau kallon juna. Ta ce za a sa a rahoto, majalisa ta duba idan ta dawo daga hutu. Na fito ana ta buga mini kafaɗa, ina jin kaina kamar na ci zaɓe.

Abin da ban lissafa ba shi ne gidan rediyo. Sun sa muryata a labaran yamma, Inna tana zaune da rediyonta a cinya. Da ma na ɓoye mata komai, na ce mata mitar ce ta samu matsala. A nan ta ji cewa da bakinta ta ce ɗanta ya mutu, kuma an rubuta. Yaya, tun ranar ba ta koma daidai ba. Abinci sai an yi da gaske take taɓawa. Ta daina zama a baranda. Na yi mata bayani, Kawu ya yi, malamin unguwa ya zo ya ce kuskuren fahimta ne ba ya kashe kowa, ta ce ta ji, amma bakin uwa ba abin wasa ba ne. In ka kira ta ji muryarka, sai ta ajiye wayar ta ce ai murya ba mutum ba ce. Allurarta yanzu tana firjin mai kantin magani na bakin titi, kullum sai an je an karɓo, katin da nake iya saya kuma ba ya kai mu ko tsakiyar wata. Zafin ɗakinta kuwa, in ka shiga da rana sai ka tausaya. 'Yata ta auna ta jiya, ta ja ni gefe ta ce sugan yana hawa, kuma ba rashin magani kaɗai ba ne.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Bayan zaman, sakataren kwamitin ya same ni a bakin ƙofa ya ce akwai hanya biyu. Ko mamacin ya zo da ƙafarsa ofis a gan shi, ko ya aiko da shaidar yana raye daga hukumar inda yake, da hatimi. Na san wadda za ka zaɓa, shi ya sa ban so in faɗa maka ta biyun ba, amma ban taɓa yi maka algus ba, ba zan fara yau ba. Sai dai ita Inna, hanyar farko kaɗai na gaya mata. Na ce mata hukuma ta ce dole sai ka zo da kanka. A ranar ta ci abinci har ta nemi ƙari. Ta sa an kwashe kwalayen kayana daga tsohon ɗakinka, an share, an wanke labule, ta ce a cire fankarta a kai can don kai ba ka saba da zafinmu ba yanzu. Hatimi zai iya dawo mana da wuta, ban musa ba. In shi za ka aiko, to ka kira ta da kanka ka faɗa mata, ni dai bakina ya yi ɓarnar da ta ishe shi.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina neman alfarmar ta ba mu aronka. Ka shafa mini kan yara, musamman takwaran Baba da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Kawu yana gaishe ka, ya ce in ka zo ka taho masa da man gwiwa. Uwar yara da 'yar jinyarmu suna gaisuwa. Inna ba ta ba da saƙo ba, ta ce za ta faɗa maka da bakinta.

Allah ya ja kwana, a ofis da wajen ofis.

Ƙanenka,
Mai Ƙwan Fitila