Hoton Mama Ya Fito Da Ɗige-ɗige

Baba Kefas, don Allah ka taimake ni, sauran mako biyu kacal.

Mahaifiyata, Mama Bibiana, ta shekara talatin tana ba da waƙa a Zumuntar Mata a cocinmu na Samaru. Yanzu muryarta ta fara gajiya, ta ce ranar godiyar kaka za ta yi ta ƙarshe. Ba mu da hotonta tana waƙa ko ɗaya.

Akwai wata taga gefen mawaƙa. Wajen ƙarfe tara rana kan leƙo ta nan, ta sauka a kafaɗarta, ita kuwa ta lumshe ido kamar ba a cocin take ba. Tun ina ƙarama nake kallon wannan, har mafarkinsa nake yi. Shi nake so in kama.

Yayana ya aiko mini da 'yar kyamarar dijital. Fasto ya hana filasha lokacin sujada, ni ma ba na sonta, tana kashe hasken tagar. Babatunde, mai shagon hoto a Sabon Gari, ya ce in kai ISO, wato ma'aunin karɓar hasken kyamarar, ƙarshe, 1600. Na yi. Da aka wanko, fuskar Mama duk ɗige-ɗige, ja da kore, kamar an watsa mata tsaki. Ta duba ta ce ashe haka ta lalace. Na shiga ɗaki na yi kuka. Ni ce ban iya ba, ko kyamarar ce?

'Yar Mai Waƙa, Samaru

'Yata, share hawayenki, Mama ba ta lalace ba, kyamarar ce ke jin yunwar haske.

Babatunde yana da gaskiyarsa: ISO mai yawa na hana hoto yin dishi-dishi idan mutum na motsi. Amma ƙaramar kyamara ba ta jure 1600, shi ya kawo ɗigon. Idan kuma kika sauko 100, fuska za ta yi sumul, motsi ya ɓata ta. Ki tsaya a 400.

Ki je da wuri ki zauna kusa, taga a bayanki ko gefenki. Kada ki jawo Mama kusa da zum ɗin kyamarar, yana rage haske. Ki ɗora kyamarar a kan bayan benci. Kada ki ɗauka da duhu da nufin a haska miki a kwamfuta, ɗigon ƙaruwa yake yi. Sai ki jira inda take jan murya a ƙarshen baiti, nan jiki ke tsayawa cak, ki danna. Ki gwada wannan Lahadin tukuna.

In an samu ɗan ɗigo, ki bar shi, jikokinta ba za su ƙirga ba. Ranar godiyar, idan kin ɗauki biyar ko shida, ki sa kyamarar a jaka ki saurari sauran waƙar, don ba za ta sake yi ba.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya nuna mana ranar.