Garin Tsiro

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Na cike fom. Digiri na biyu, fannin abinci mai gina jiki da tsara cimar marasa lafiya. Mai shagon intanet na bakin kasuwa har yana tambayata ko ɗiyata nake cike wa. Na ce masa uwar ɗiyar dai.

Shekara tara ina auna yara a ƙaramin asibitinmu, ina koya wa mata dama kunu, har an laƙaba mini "mai kunu" kamar ba ni da digiri. To, za su gani. Mutum goma sha biyu kacal jami'ar za ta ɗauka bana. In-cajinmu, shugaban asibitin, ya ce izinin tafiya karatu bana ne ya zo kaina, in ya wuce ni sai bayan shekara huɗu. Shekarata talatin da takwas. Ba ni da wasu huɗu na jira.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na gama rubuta tsarin binciken da suka ce a haɗa da fom. Ba yabon kai ba, ya yi kyau.

Ga maganar a taƙaice. Kunun yaye in ya yi kauri yaro ba ya iya haɗiya, sai uwa ta tsuga ruwa, yaro ya cika ciki da ruwa, nan tamowa take shigowa. Amma in aka sa dawa ta yi tsiro, aka shanya, aka niƙa, cokali ɗaya na garin nan yana tsinka kunu mai kauri ya koma ruwa-ruwa ba a ƙara ko ɗigo ba. Abincin yana nan cikakke, yaro kuma ya sha. Na kawo sunayen masana bakwai da suka yi rubutu a kai.

Hafsat, nas ɗin da muke ranar awo tare, ta karanta ta ce, "Maman Praise, wannan ai sai farfesa." Na ce ta bari tukuna, a hankali ake hawa.

Asabar, 14 ga Satumba

Kefas ya kira daga barikin da aka tura su. "Maman Praise, in kin zama babbar malama kada ki manta da kurtun mijinki." Na ce sai na duba halinsa.

Laraba, 18 ga Satumba

Saƙo ya shigo! Ina cikin waɗanda aka kira intabiyu, ranar 22 ga Oktoba. Sun ce duk wanda bincikensa ya shafi wani abinci ya zo da samfurinsa, ya gwada a gabansu. Abu mai sauƙi. Na sayo jar dawa tiya biyu, da sabon bokiti mai murfi, da farin ƙyalle. Komai tsaf-tsaf, yadda aka rubuta a takarda.

Litinin, 23 ga Satumba

Ta yi funfuna. Na buɗe bokiti, wari ya buge ni, baƙi-baƙi da kore-kore. Dawar ce ba ta da kyau. Gobe zan koma wurin mai hatsin nan ya ji daga bakina.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ta biyu ma haka. Wannan karon har da tafasasshen ruwa da safar hannu na yi. Rabi ta ruɓe, rabi ko motsi. Na zubar a bayan gida, kaji ma suka shinshina suka wuce abinsu.

A coci ban ji wa'azi ba. Saura kwana ashirin da uku.

Talata, 1 ga Oktoba

Hutu. Hafsat ta zo gida, ta tarar da ni tsugune gaban bokiti na uku. Ta dube ni ta ce, "Ni fa ban gane ba. Ke da kike da gwanar tsiro a gida? Kakata ta ce duk ƙasar Dabai babu mai hannun Mamarku."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Na ce mata wannan kimiyya ce, ba irin wancan ba. Ta ce, "Dawar ta san da haka?" Yarinyar nan bakinta ba linzami.

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Mama burukutu take dafawa. Shekara ashirin da biyu. Da tsiron dawa ake yinsa, kuma da shi ta yi mini makaranta tun daga firamare har jami'a, bayan rasuwar Baba. A makarantar kwana in an tambaye ni sana'ar uwata sai in ce manomiya. Da Kefas ya zo neman aurena, babansa dattijon coci, ni kuma ina jan waƙa a zumuntar mata, na je na durƙusa gaban Mama na ce ta bar sana'ar don kada ta ba ni kunya. Da bakin nan nawa na ce "kunya". Ta bari tun daga makon. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba mu sake ta da zancen ba.

Kuma a ina na fara ganin garin tsiro ya tsinka kunu? Ba a littafin masana bakwai ba. A hannunta, tana dama wa ƙanena Philip lokacin yaye.

Ba zan je ba. Zan sake gwadawa.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Na uku ya bi 'yan'uwansa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na hau kabu-kabu zuwa ƙauye da dawa tiya biyu a buhu. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa ba tare da na faɗa ba.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi Kefas, ta dubi buhun. Na ce wani ɗan aikin makaranta ne, ana son dawa ta ɗan fito. Ta ce, "Tsiro?" Na ce e. Ta ce, "Irin na giya?" Na ce na kunun yara. Ta ce, "Tsiro dai ɗaya ne, Saloma."

Na ba ta labarin bokiti mai murfi. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, har maƙwabciya ta leƙo. "Kin rufe ta? Abu mai rai? Ke in aka sa ki a bokiti aka rufe, tsiro za ki yi?" Mai digiri guda, an mayar da ni 'yar aji ɗaya.

Ta zuba dawar a ruwa, ta kwashe duk wadda ta taso sama ta watsa wa kaji, ta ce matattu ne, su ke ruɓar da sauran. Babu wanda ya rubuta wannan a takardun da na karanta, ko kuma ni ce na tsallake. Ta ce a jiƙa kwana ɗaya, a sauya ruwa sau biyu. Na kira in-caji na roƙi hutun mako guda.

Litinin, 7 ga Oktoba

Mama ta share ƙasan ɗakin ajiya, ta shimfiɗa buhu, ta baza dawar kaurin yatsa biyu, ta rufa wani jiƙaƙƙen buhu sama-sama. Safe da yamma yayyafi da hannu, a juya. Na fito da ma'aunin zafi, ta ce in mayar da abina jaka. Ta cusa hannu cikin dawar, ta kama nawa ta cusa. "Kin ji? Ɗumin jikin jariri. In ya wuce haka ki baza ta, ta sha iska."

Na auna a ɓoye da ta fita. Daidai da abin da littafi ya ce. Haushi ya kama ni, ban san na mene ne ba.

Hannunta yana rawa yanzu in ta ɗauki ƙwarya. Yaushe ya fara?

Laraba, 9 ga Oktoba

Ta fito! Fari tas, kowace ƙwaya da ɗan wutsiyarta, ga ƙamshi. Ƙamshin gidanmu ne lokacin ina yarinya, wanda nake wanke kayan makaranta sau biyu don kada a ji shi a jikina. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

Mama ta tauna ƙwaya ɗaya ta ce gobe a shanya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Rana ta yi mana kirki, ta bushe ƙayau. Zan kai inji, Mama ta riƙe buhun. "Da na manya ne, da sai ki niƙa haka. Na yara kuwa sai an murje." Muka zauna muka murje tsiron da saiwar da tafin hannu, ta bakace a faifai har sau uku. Ta ce ɗanyen tsiron dawa dafi gare shi, ba ki ga akuya in ta ci sabuwar dawa a gona cikinta yake kumbura ba?

Na san wannan. Mun yi shi a aji uku a jami'a, har sunan dafin na sani. Amma ban sa shi a tsarin bincikena ba, na manta sam. Da na kai haka gaban malamai, ko mafi muni, da na ba ɗan wani...

Muka dama kunu mai kauri, har ludayi yana tsayawa. Na barbaɗa cokali ɗaya na juya. Kafin in ƙirga hamsin ya saki. Na yi ihu kamar yarinya. Mama ta ce, "To, sai a kai wa masu ilimi." Ban gane ko zolaya ce ba. Da zan tafi na ce na gode, ta ce in gaida yara.

Talata, 22 ga Oktoba

An yi. Ina masauki.

Su biyar a bayan tebur, shugabarsu wata farfesa mai furfura da tabarau a kan hanci. Wanda ya shiga kafin ni ya fito yana share gumi. Ni kuwa na shiga da fulas ɗin kunu da kwalbar gari, na zuba, na barbaɗa, na juya. Kunu ya saki a gabansu. Wani malami ya karɓi cokali ya ɗanɗana da kansa.

Farfesa ta tambayi batun dafi. Na ba ta amsa da sunansa na kimiyya, na ƙara da murza da bakace sau uku. Ta gyaɗa kai. Sai ta ɗebi garin ta shinshina, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗalibaina a nan sau nawa suna gwadawa yana yi musu funfuna. Wannan hannun gwani ne. Wa ya yi?"

Amsa tana bakina a shirye: matan karkara, ilimin gargajiya. Da na faɗi haka ba wanda zai ce na yi ƙarya. Sai na ji bakina yana cewa, "Mahaifiyata ce, ranki ya daɗe. Sunanta Larai. Shekara ashirin da biyu tana dafa burukutu, da shi ta yi mini karatu. Ni sau uku na gwada yana ruɓewa."

Wani malami ya sunkuyar da kai yana murmushi. Farfesa ta rubuta wani abu, ta ce, "Tana da rai?" Na ce e. Ta ce, "To ki yi sauri ki kwashe abin da ke kanta."

Ban sani ba ko na ci ko na zubar. Na fito na zauna a gindin wata bishiya, na shanye sauran kunun.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

SUN ƊAUKE NI. Ta uku a jerin goma sha biyu. Hafsat ta yi guɗa a tsakiyar ranar awo har jarirai suka firgita. In-caji ya sa hannu a takardar izini. Kefas ya ce zai sara mini in ya dawo. Janairu za a fara.

Mai kunu dai. E, ita.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Godiya a coci. Na aika Philip ya ɗauko Mama, na ɗinka mata atamfa iri ɗaya da tawa. Da Fasto ya ba ni makirfo, ga surukina a kujerar dattawa, ga matan zumunta jere, sai na faɗa. Duka. Sana'ar, da makarantar da ta yi mini, da abin da na je na ce mata kafin aurena. Na ɗauka coci zai tsage. Aka ce "Amin", aka tafa, aka shiga sanarwa.

A waje na ce mata, "Mama, ki yi haƙuri na tona a gaban jama'a." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Tona me? Saloma, duk cocin nan wa bai sani ba? Surukin naki ma kafin ya zama dattijo a gidana yake da ƙwaryarsa. Ke kaɗai ce kike ɓoyewa."

Shekara goma sha ɗaya. Na rasa inda zan sa idona.

Na ce ta kwana, yamma ta yi. Tun da na yi aure ba ta taɓa kwana a gidana ba, ni ma ban taɓa cewa ta kwana ba. Na share mata ɗakin da ke kusa da nawa, na ce in ta ga dama ta zauna har in gama karatun, saboda yara. Ta ce za ta duba.

Saboda yara ne dai. Na sa mata sabon zanen gadon da nake ajiye wa baƙi.