Hanyar da Yaya Hafizu Bai Ƙarasa Ba

Rogo,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Jamilatu da yara, Allah Ya sa haka, amin. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Yaya Hafizu, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna da Baba a Aljanna, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Mu nan lafiya lau sai godiya. Damina ta zauna sosai, masarar gonarmu ta ƙauyen Turawa ta kai ƙirji, Baffa Falalu ne ke zagaya ta yanzu. Safara'u matar marigayi tana takabarta a Karaye, ta rame ƙwarai, amma tana taɓa abinci idan an matsa mata. 'Yarsu Bushra ta koma makaranta, sai dai har yau idan babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta tashi ta leƙa.

Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hoton takardar in turo maka, domin duk lokacin da muka yi waya, daga gaisuwa sai in fashe da kuka, kai kuma ka ce layi ba kyau ka kashe. Layin Malesiya lafiyarsa ƙalau, Yaya, ni na san halinka. Fiye da mako biyu ke nan da ka turo mini saƙo kana tambaya ko marigayi ya bar maka wani fayil a kwamfutarsa. Na ce maka zan duba, daga nan na yi shiru. Ba mantawa na yi ba, kunya ce da tsoro suka rufe mini baki, kuma yau zan faɗa maka komai yadda ya faru.

Na san fayil ɗin da kake nufi. Na wannan tsohon wasan naku ne na kafa gari da noma da tara runduna, wanda kuka sayo faifansa a Kano tun ina firamare. Ina tuna yadda kuke kora ta daga ɗakin zaure wai zan taɓa muku linzamin kwamfuta. Da ka tafi karatu ba ku daina ba, kowa ya buga zagayensa sai ya adana ya tura wa ɗan'uwansa, shi ma ya buga ya mayar. Yaya Hafizu ya sa wa birninsa suna Karaye, kai ka sa wa naka Rogo saboda a nan Gwaggo ta riƙe ka. Manyan mutane da gemu da 'ya'ya, kuna yaƙi a kan 'yan gidaje kamar ƙwayar gero, na sha yi muku tsiya a kai. Kuma na san abin da kuke zaton ban sani ba. Tun rasuwar Inna, da ba ka samu zuwa ba, shi kuma ya ce maka a waya ka yi zamanka can mun iya binne namu, ba ku ƙara jin muryar juna ba. Shekara biyu ba sallama ba gaisuwar salla, amma fayil ɗin nan bai taɓa fashin mako ba. Safara'u ta ce tun daga lokacin ya kwashi rundunarsa ya kewaye birninka, yana ta ɓarin wuta, kai kuma kana ta gyaran ganuwa. Da wannan kuke magana, tunda ku biyun taurin kai ya hana ku yin ta da baki.

To ga laifina. Washegarin sadakar bakwai Baffa Falalu ya kira ni zaure, ya ajiye kwamfutar marigayi a gabana. Ya ce sun yi shawara da Safara'u da sauran magada, an yarda a ba da ita ga Islamiyyar unguwa ranar arba'in, ta zama sadaka mai gudana gare shi. Amma ya ce kafin nan in wanke ta tas, kada a bar waƙa ko wasa ko wani abin shagala da zai zame wa mamaci nauyi a kabarinsa. Ya ce ni ce malamar kwamfuta, ni ya ɗora wa amana. Yaya, a ranar ko cewa aka yi in jefa ta rijiya saboda Yaya Hafizu ya samu sauƙi, zan jefa. Na kawo ta Rogo, na kwashe takardun ofishinsa na sakatariya da hotunan iyali, sauran duk na share. Da yake ta tsufa, sabuwar Windows ba za ta ɗauku a kanta ba, sai na sa mata Linux irin wadda muke koyar da 'yan mata da ita a makarantarmu, na zuba mata karatun Alƙur'ani da littattafan yara. Har ina jin daɗi na yi wa ɗan'uwana hidima. Kwana uku bayan haka saƙonka ya shigo. Ina tsaye a bakin murhu na karanta, a nan na tuna da wasan, kuma na san da hannuna na goge shi.

Na yi kusan mako guda ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ko mai gidana Muhsin ban faɗa wa ba. Ranar Asabar na je Karaye taya Safara'u ninke kayan sawarsa da za a rabar. Muna buɗe kwalin hulunansa sai ga faifan wasan a ƙasa, an nannaɗe shi cikin tsohon hankici, tare da wata 'yar filashi baƙa. Safara'u ta ce ai ba ya yarda ya adana wasan a cikin kwamfutar, wai ta fiye mutuwa idan an ɗauke wuta, a filashin nan yake ajiyewa. Na duba kwanan watan fayil na ƙarshe. Safiyar Alhamis ɗin da ya shiga motar Kano ce, wadda ba ta kai su ba. Ta ce ranar yana gama karyawa ya zauna a kai, ya daɗe yana kallon allon ba ya motsi, har aka kira shi daga tasha cewa mota ta kusa cika. Ya rufe, ya ce mata idan ya dawo zai ƙarasa, yana da saƙon da zai aika Rogo. Ita ta ɗauka ni yake nufi.

Samun fayil daban, buɗe shi daban. Wasan nan don tsohuwar Windows aka yi shi, ga shi na kore ta daga kwamfutar, kuma ba ni da faifanta balle in mayar. Akwai wata manhaja da ke tsayawa kamar tafinta tsakanin kayan Windows da Linux, ita na sauko da ita a makaranta, inda muke da wutar lantarki ta hasken rana. Kullum aka tashi ɗalibai sai in zauna a ɗakin kwamfuta har la'asar. Ranar farko wasan ya shiga lafiya, ina dannawa allo ya yi baƙi ƙirin, sai da na kashe ta da ƙarfi. Rana ta biyu ya ce in saka faifai, alhali faifan yana ciki yana ta gurnani. Na goge shi da gefen mayafina, na kwafe shi gaba ɗaya zuwa cikin kwamfutar, na nuna wa tafintan nan cewa wannan kwafin shi ne faifan. Ya yarda, amma da ya buɗe sai ciyawa ta fito shuɗiya, ruwa ya fito ja, rubutu kuma ba ya karantuwa. Ni da nake tsayawa gaban aji ina cika baki cewa babu abin da Linux ba za ta iya ba, sai ga ni ina roƙon kwamfuta kamar mai lallashin jariri. A rana ta biyar na tarar da amsar a wani tsohon dandalin intanet, wani bawan Allah da ban san ƙasarsa ba ya rubuta ta shekara tara da suka wuce. Ya ce a sa tafintan ya yi kamar shi tsohuwar Windows ce, kuma a tsare wasan cikin ƙaramar taga kada ya cika allo. Na yi haka, launi ya dawo daidai. Sauti ne dai ya ƙi fitowa har yau, na kuma bar shi, don ban san yadda zan yi ba idan na ji kiɗan nan da ke tashi daga zaurenmu a da.

Da na ɗora fayil ɗin sai ya nemi kalmar sirri. Na gwada sunan Bushra, na gwada na Safara'u, na gwada Karaye da Turawa, duk ya ƙi. Na kira Safara'u, ta ce ba ta sani ba, amma tana jin yana furta wani abu a hankali idan zai shiga, kamar yana kiran mutum, kuma da rogo yake ƙarewa. Yaya, Ɗanrogo ne. Sunan da Inna take kiranka da shi tunda kai ne ɗan fari ba ta iya faɗin sunanka. Na san abin da ka daɗe kana riƙe da shi a zuciya, cewa an ba da kai tun kana yaye, Inna ba ta taɓa kallonka ido cikin ido ba, ba ta taɓa tambayar ka ko ka ci abinci ba. Kunya ce irin ta mutanen da, kai ma ka sani, amma na san sanin bai hana ka jin zafi ba. Ni da na yi jinyarta ina gaya maka, idan ta ji an ambaci Malesiya a rediyo sai ta ce a ƙara murya, ba ta ce don wa ba. Shi kuma wanda ya ce maka ka yi zamanka can, duk mako sai ya rubuta sunan nan da yatsunsa kafin ya ɗora maka yaƙi.

Yanzu ga abin da na gani, kuma ba zan ƙara ko in rage ba. Birninka yana nan, ganuwar gabas ta rushe rabi. Amma babu soja ko ɗaya a bakinta. Duk rundunar da ta kewaye ka ya janye ta, ya juya su sun fuskanci gida, wasu har sun haye kogi. Ma'aikatansa kuma, waɗannan masu ɗauke da fatanya, ya fito da su daga gonaki ya jera su a dajin da ke tsakaninku suna shimfiɗa hanya. Na bi ta da linzami tun daga ƙofar Karaye. Ta ratsa dajin, ta zagaye dutse ta bayan inda ba za ka iya hangowa ba, ta zo har kusa da ƙofar Rogo. Ba aikin rana ɗaya ba ne, na ƙirga ya kai wata biyu yana yin ta a ɓoye yana rufe ta da yaƙi. Taki ɗaya ya rage ta haɗu. Ma'aikaci na ƙarshe yana tsaye a wurin, an zaɓe shi, ba a ba shi umarni ba. A ƙasan allo kuma ga maɓallin kammala zagaye yana ƙyaftawa, bai danna ba. Na zauna ina kallon ɗan mutumin nan da fatanyarsa har mai gadi ya zo ya ce zai rufe ƙofa, ya tarar da ni ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Ban taɓa komai ba. Idan ba a danna maɓallin nan ba, fayil ɗin ba zai buɗu a wajenka ba ko na turo, don har yanzu zagayensa ne. Na ɗora yatsa a kai ya fi sau goma ina ɗaukewa. Idan na danna, zagayen Yaya Hafizu na ƙarshe ya ƙare ke nan, kuma da hannuna, ni da na riga na yi ɓarna sau ɗaya da sunan taimako. Ba ni aka yi wa hanyar nan ba. Na je na sami Baffa na faɗa masa gaskiya, cewa na mayar da wasa cikin kwamfutar sadaka, na kuma gaya masa dalili. Na ɗauka zai yi faɗa. Ya ja carbinsa, ya ce shi bai san wasa ba, amma ya san sulhu, kuma wanda ya mutu yana kan hanyar sada zumunci ba nauyi ya ɗauka ba. Sai dai ya ce alkawarin da aka yi wa Islamiyya yana nan, ranar arba'in bayan an shafa addu'a za a miƙa ta a wanke, ba zai ɗaga ko kwana ɗaya ba.

Arba'in ɗin ta faɗo ranar Talata ta sama da mai zuwa, saura kwana goma sha biyu. Na san za ka ce in ajiye filashin, wata rana a buɗe a wata kwamfutar, kuma zai yiwu. Amma wata rana ɗin nan ce ta cinye mana shekara biyu, ita ce ta sa ba ka ga Inna ba, ita ce ta sa shi ma ya ce sai ya dawo daga Kano. Ni ƙanwarka ce, ban isa in ba ka umarni ba, roƙonka nake yi don Allah. Ka zo gida. Ka zauna a zaurenmu na Karaye, a kan kwamfutarsa, inda yatsunsa suka cinye haruffa, ka rubuta sunan da Inna ta sa maka, ka ƙarasa masa takin nan ɗaya da kanka. Daga nan mu je maƙabarta ka yi musu sallama su biyun, kabarinsu ba nisa da juna.

Ka gaishe mini da Anti Jamilatu da kyau, da Zubair da Munawwara, ka ce gwaggonsu tana sa musu albarka. Baffa Falalu yana gaishe ka, ya ce a gaya maka ɗakinka na gidan Gwaggo an share. Muhsin yana gaisuwa, ya ce shi zai ɗauko ka daga filin jirgi. Safara'u ta ce in yi maka godiyar addu'o'in da kake turowa, kuma ta ware hula ɗaya daga cikin kwalin ba ta bayar ba, ta ce taka ce. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kawo ka lafiya.

Kwamfutar tana nan cikin akwatina, na cika mata caji. Har yanzu zagayensa ne, Yaya, kai yake jira.

Wassalam, taka ƙanwa,
Ummulkhair.