Ɗaya Bakin Zanin Baba

Litinin, 6 ga Oktoba, 1975

An sa ranar tono Baba: Laraba, 22 ga wata. Ya kusa shekara biyu a ƙasa, masu maƙabarta sun ce ya bushe. Za a goge shi, a naɗe shi a zanin gado na lilin, a sa shi a gurbinsa na bango kusa da Mama, kamar yadda ake yi wa kowa a Napoli. Na ciro zanin daga akwatin kayan auren Mama, warin kafur ya yi ta sa ni atishawa.

Ƙanena Saverio ya ce shi zai kawo lambobin yabon Baba. Tun yana yaro aikin da ba ya ɓata hannu yake zaɓa, shi ya sa ya zama lauya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofa da rana. Doguwa, wankan tarwaɗa, da farin mayafi. Sunanta Lemlem. Yaƙi ne ya koro ta daga Asmara bana, yanzu aikatau take yi a gidan wani likita a unguwar Vomero.

"Sinyora, ni 'yar Manjo Ettore Vitiello ce."

Sunan Baba ke nan. A tsaye na bar ta a bakin ƙofa. Ban ce ƙarya take yi ba, don goshin Baba ne sak, ga kunnuwan nan namu masu kama da hannun tukunya. Ta ce a wajen fada na cocinmu ta ji batun tonon, so take ta tsaya a wurin. Na ce wannan aiki na jininsa ne kaɗai.

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa na zo."

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na ƙona miya. Ni Rosaria, da ko albasa ban taɓa ƙonawa ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Saverio ya zo cin abincin rana, na faɗa masa. Ya ajiye cokali.

"Yaya, kanki ɗaya kuwa? Tsofaffin abokan aikinsa za su zo, ga maƙwabciyarki Donna Carmela da bakinta. So kike a tono shi sau biyu, a maƙabarta da kuma a unguwa?"

Na ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce ba da yawunsa ba, sannan ya nemi ƙarin taliya.

Da ya tafi na zauna gaban hotuna. Kakanmu ya mutu a yaƙin Adwa, Baba yana jariri, ko maɓallin rigarsa bai dawo gida ba. Baba ya girma ya sa kaki, ya bi sawunsa. Ina shekara shida ya hau jirgin ruwa zuwa Asmara, bai dawo ba sai ina da sha bakwai, bayan Turawan Ingilishi sun tsare shi a Kenya. Baƙo ne ya dawo mana, ramamme, mai son a jera takalma a layi. Abin da ya yi a can bai taɓa faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Magana ɗaya yake maimaitawa: "Kada ku bar ni kamar ubana. Ku tono ni, 'ya'yana su naɗe ni."

Bai ce guda nawa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Lemlem ta dawo, yau ne ranar hutunta. Ruwa ake yi, shi ya sa na ce ta shigo, ba don komai ba.

Ta zo da ɗanyen kofi a takarda, ta roƙi kasko. Da ta fara soya shi tana kaɗo mini hayaƙin da tafin hannu, sai da na riƙe tebur. Haka Baba yake yi duk Lahadi, Mama tana faɗa wai ya cika mata gida da hayaƙi. Ashe a wajen uwar wannan ya koya.

Ta ce uwarta ta yi shekaru a gidansa. Da doka ta zo cewa Ba'italiye ba zai ba 'ya'yan da ya haifa da matan ƙasar sunansa ba, Baba ya bi doka. Shi da ma bin umarni ne sana'arsa. A gidan sistocin coci Lemlem ta girma, da sunan uwarta. Abin da take tunawa kaɗan ne: yana ɗora ta a wuya, ta riƙe kunnuwansa, yana haniniya kamar doki.

Ni bai taɓa ɗora ni a wuya ba. Kishi na ji, ƙarara, ni da furfurata, a kan yarinya 'yar shekara uku da aka tafi aka bari.

"Ba gado nake nema ba, Sinyora. Ban taɓa tsayawa ko'ina a matsayin 'yarsa ba. Sau ɗaya ya ishe ni."

Na ce ta zo, amma ta tsaya daga nesa. Ta ce to. Da ma ta yi mini gardama, da na fi samun sauƙi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na wanke zanin, na goge shi. Babba ne ƙwarai, na gadon mutum biyu.

Laraba, 22 ga Oktoba

An gama. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Tsofaffin sojoji sun zo da hulunansu, Donna Carmela ta zo da idanunta. Lemlem tana can gindin wata bishiya, inda na ce.

Da aka buɗe, Baba na nan, ya ƙanƙance, gashin bakinsa bai je ko'ina ba. Na ce, "Baba, ka rame." Don Ciccio mai tono ya goge shi a hankali da tsumma, yana yi masa hira: "Haƙuri, Manjo, saura ƙafa ɗaya." Sannan ya ɗago kai.

"Ina 'ya'yansa? Mutum biyu, kowa ya kama baki ɗaya."

Na kama nawa. Na waiwaya, Saverio ya jingina da bango, hankici a hanci, fuskarsa fari fat. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Ɗaya bakin zanin yana jan ƙasa, zanin Mama, ga Baba kwance a buɗe kowa yana kallonsa.

Don Ciccio ya ce, "Donna Rosa', in kira ɗaya daga cikin sojojin?"

Na ce a'a. Na ɗaga murya yadda har Donna Carmela za ta ji: "Ke Lemlem, me kike jira? Zo ki kama, ubanki yana jin sanyi."

Ba ta yi gudu ba. Ta zo ta kama, muka ja, zanin ya miƙe. Ita ce ta ɓangaren kai. Kafin a rufe fuskar ta taɓa kunnensa da yatsa biyu, ta faɗi wani abu da yarensu. Ban tambaye ta ba, nasu ne. Muka naɗe shi tsaf, yadda yake son a naɗe bargo.

Na yi kuka, ita ce ta ba ni hankici.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Saverio bai bugo waya ba. Donna Carmela ta gaishe ni sau biyu a matakala, tana jira in yi bayani. Ta daɗe ba ta jira ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ranar tunawa da matattu. Ni da Lemlem mun kai wa Baba da Mama furanni. Ta riƙe mini tsani na hau na goge marmarar da ta rufe gurbinsu. Har yanzu Sinyora, wato uwargida, take ce mini, na ce ta daina, yana sa in ji kamar ni ce matar likitan.

A ƙasan sunan Baba an sassaƙa: "Daga 'ya'yansa, Rosaria da Saverio." Da muka fito na tura ta sayen gyaɗar Turawa gasasshiya, ni kuma na leƙa shagon mai sassaƙa da ke bakin ƙofar maƙabarta. Tambaya kawai na yi, ko layin nan zai ɗauki ƙarin suna. Ya ce in gajere ne zai shiga.

Gajere ne.