Na Tashi 'Yan Fada Daga Ƙofar Gidana, Sun Rama Ranar Suna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni malamin makaranta ne a nan Dogon Dutsi, na daɗe ina aikin kwantiragi, burina in ci konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, a ɗauke ni na dindindin. To ƙofar gidana ce fadar abokaina, ina dawowa daga lakwal, wato makaranta, zan tarar an baje tabarma, an ɗora shayi, ana buga kartar beloti ana gardamar ƙwallo har magariba. Bara na zauna konkur na sha ƙasa. Da sabuwar shekara ta kama na ce ya isa haka, zan tsara lokacina, yamma ta karatu ce. Na gaya musu cikin mutunci su matsa da fadar gaba, mai son ganina ya kira ni tukuna. Laifina ke nan fa. Suka naɗe tabarma suka koma ƙofar wani abokinmu mai gyaran babur da muke kira Ɗan Matankari, mutumin da ba abin da ya iya a duniya sai rura wuta. Suka laƙaba mini Mushe Randebu da Faransanci, wato malamin da ba a ganinsa sai an sa lokaci, na share su.

Sai matata ta haihu. Kun san a nan 'yan fada ne ke kafa rumfa, su jera kujeru, su feɗe rago su gasa. Na kai musu goro da dabino kamar kowa. Ranar suna sai ga su cikin manyan riguna, har na ji daɗi, ashe da mugun nufi suka zo. Ana shafa fatiha aka yanka rago, Ɗan Matankari ya duba agogo ya ce, "Mushe, randebun hwatiha munka samu, ba ka ba mu na hiɗa ba. Kar mu ɓata maka lokaci." Suka miƙe gaba ɗaya suka fice. Rago na kwance ƙuda na bi, dangin matata da suka zo daga Tibiri suna kallo. Surukina, tsoho mai ciwon baya, shi ya tuɓe riga ya karɓi wuƙa, ni ina riƙe masa ƙafar ragon. Wallahi har yau ba na iya haɗa ido da shi.

Na tsani mutanen nan, ba zan ɓoye muku ba. Shekaru suna shan inuwata da ruwan randata, wannan ce sakayyar? Amma yayana ya dage ni ne mai laifi, wai in sayi shayi da sukari in je in ɗauko tabarmarsu da hannuna. Konkur ya matso, in suka dawo na san na sake faɗuwa. Da na gaya masa haka sai ya ce, "Yau rago sunka bar maka, ka tuna akwai ranar ɗaukar makara."

Jama'a, in zubar da karatuna in je in lallashi waɗanda suka tozarta ni gaban surukina, ko in rufe ƙofata, ranar makarar duk wanda Allah ya kawo ya ɗauka?